Mai-waige da Hoton Gidan Kawu Tsoho

Makka, Misfala
Muharram 1383

Zuwa ga ƙanena Mukhtaru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka Zinariya da yara, da Inna, da dukan mutanen Fagge. Mu nan alhamdu lillahi, sai zafi da gajiyar bayan Hajji. Matata Ummulkhairi ta yi fama da ciwon haƙori, an cire shi, har ta koma yi mini faɗa, ka ga ta warke ke nan.

Ɗan'uwa, ajiye duk abin da ke hannunka, ka zaro takardar da ke naɗe cikin bututun kwalin nan. A hankali! Ka warware? To, wannan Arfa ce, ranar tsayuwa, tun daga dutsen har inda tantuna suka ƙare, duka a hoto ɗaya. Wallahi ba manne-manne na yi ba. Ni na ɗauka da hannuna!

Kyamarar a Jidda na same ta, wajen wakilin wani kamfanin Turai. Ba irin wadda nake ɗaukar hoton fasfo da ita a shago ba ce. Wannan idonta ba a tsaye yake ba. Ka murɗa mabuɗi kamar na agogo, ka danna maɓalli, sai idon ya taso daga hagu ya waiga zuwa dama, zirrr, kamar maigida ya leƙo tsakar gida yana duba wanda bai yi salla ba. Na sa mata suna Mai-waige. Ummulkhairi ta ce tun da abar nan ta shigo gidan ban ƙara kallon kowa da idon rahama ba, kuma ban musa ba.

Ka nuna wa Inna. Ban sa rai za ta ce komai ba. Tun ranar da ta miƙa ni ga yayanta Kawu Tsoho bayan yaye, muka biyo hanyar Sudan da ƙafa, shekara talatin da ɗoriya ke nan, ban taɓa ganin layi ɗaya a wasiƙarka da ya ce Inna tana gaishe ni ba. Tana gaida matata, tana gaida 'ya'yana, akuyarmu ma da ta san da ita da ta gaishe ta. Na san ana kunyar ɗan fari, Kawu ya sha gaya mini kafin ya rasu. Amma kunya har da teku a tsakani? Malesh, ba komai. Ka dai nuna mata.

Yayanka,
Tijjani

Fagge, Kano
Agusta 1963

Yaya Tijjani,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, damina ta yi kyau, sai katangar bayan gida da ta zube. Aikin reluwe yana nan yadda ka san ina ba ka labari, jirgi ya makara, a zagi akawu.

Hotonka ya tayar da unguwa. Kwana biyu zaurenmu kamar kasuwa. Wani alhaji ya rantse ya ga kansa kusa da wata motar ruwa, alhali shi tun kafin a ba mu mulkin kai ya sauke farali. Liman ya sa aka riƙe masa bakin nan da bakin can, ya bi shi da kallo yana tasbihi.

Da na kai wa Inna, ta ce in fito mata da shi bakin ƙofa inda haske yake. Dole in gaya maka, Yaya, yanar ido ta kama ta, kuma tana ƙaruwa. Abu sai ta kawo shi dab da hanci take ganewa. An ce a kai ta asibitin ido, ta ce ba mai sa mata wuƙa. Ta daɗe a kan hoton. Can ta ce, “Abin da ya ɗauke Arfa gaba ɗaya ai ba zai kasa gida guda ba. A ce wa mutanen can su ɗauko mini gidan Tsoho, kowa da kowa, manyan fuska yadda zan gani. Kada a bar mutum ko ɗaya.”

Ka ji saƙo yadda ta faɗa, ban ƙara ba ban rage ba. Ban taɓa jin ta roƙi wani abu daga Makka ba, ko dabino. Ka hanzarta, don idon ba ya jira.

Ƙanenka,
Mukhtaru

Makka
Jimada Ula 1383

Mukhtaru,

Gaisuwa da fatan alheri. Kowa lafiya, sai ni da muryata ta dishe saboda tsawa, za ka ji dalili.

Inna ta roƙi abu daga hannuna! Na karanta wa Ummulkhairi wurin nan har ta haddace. Washegari na rufe shago na shiga bin dangi gida gida, daga Misfala har Jarwal. Ranar Juma'a bayan la'asar na tara su a saman soron Kawu: matansa biyu, 'ya'yansa, surukai, jikoki, har jaririyar da ba a yi kwana arba'in da haihuwarta ba.

Kai, tara Hausawa a layi ɗaya aiki ne! Mai-waige tana son a tsaya a gewaye kamar bakin ƙwarya, su kuwa kowa yana gudun surukinsa. Na sa wannan nan, in juya, ya sulale ya koma can. Samarin da aka haifa a nan ba sa jin Hausa sosai, sai na yi tsawar sau biyu, ɗaya da Hausa ɗaya da Larabci. Da na ce kowa ya tsaya cak, sai ladan ya yi gyaran murya a lasifika, rabin layin suka waiga. Na sake. A na biyun ne Allah ya taimake ni.

Duba fuskokin nan, kowace kamar ka yi mata magana! Na kai Jidda aka faɗaɗa shi don idon Inna, na rubuta sunan kowa a bayansa daidai inda yake tsaye. Ka karanta mata ɗaya bayan ɗaya.

Abu ɗaya ne ya ɗan dame ni. Wajen ɗauka ta biyu na ji Mai-waige ta yi wata 'yar gargada a tsakiya kafin ta wuce. Wataƙila ƙura ce. Rubuto mini maza abin da Inna ta ce, kalma da kalma.

Tijjani

Fagge, Kano
Nuwamba 1963

Yaya,

Muna lafiya, an gyara katanga. Hoto ya iso lafiya bai karye ba.

Ka ce kalma da kalma, to ga shi. Ta sa yatsa a bakin hagu, ina karanta suna tana matsawa. Ta yi wa matan Kawu addu'a, ta ce babban ɗansa ya ɗebo goshin ubansa, ta yi dariyar jaririya. Da muka kai ƙarshe ta ce, “Shi ke nan?” Na ce shi ke nan. Ta ce in sake karantowa daga fari. Na sake. Sai ta naɗe shi ta miƙo mini, ta ce, “Hoton bai cika ba.” Na ce wa aka bari? Ta ce in tashi in ba ta wuri, tana da tsintar shinkafa.

Na yi ta tunani, ina jin na gano. Goggo Hajara ce, ƙawarta ta ƙuruciya da ta bi ayarinku. Kwanaki ka rubuto cewa tana unguwar Kudai tana dama fura tana sayar wa alhazai. Tare suka yi tallar gyaɗa da Inna, kuma ban ji sunanta a bayan hoton ba. Akwai kuma 'yar Kawu da aka aurar Madina. Ka haɗo da su, magana ta ƙare.

Af, kai ma ban gan ka ba, amma na san mai hoto bayan kyamara yake tsayawa. Wata rana ka aiko mana da naka mu ga ko ka fi ni kyau.

Mukhtaru

Makka
Sha'aban 1383

Mukhtaru,

Ina gaisuwa. Lafiya lau muke, amma raina ba daɗi, gara in faɗa maka tun daga sama.

Ga hoto na biyu. Na aika Madina aka zo da 'yar Kawu da mijinta. Goggo Hajara kuwa sai da na yi sawu uku Kudai. Ta ce ita ba za ta tsaya gaban abin da yake juya ido da kansa ba. Da na ce Mairama ce ta Fagge, wato Inna, take son ganinta, sai ta ajiye ludayi ta fashe da kuka, ta ce a kawo mata mayafinta mai kyau. Ga ta nan a tsakiya, ta runtse ido ɗaya don tsoro.

Amma Mai-waige ba lafiya. Gargadar nan ba ƙura ba ce. Yanzu sai na tura idon da yatsa kafin ya tashi, in ya tashi kuma tafiyar hawainiya yake yi. Na ɗauke ta sai Jidda wajen wakilin, na ce ya ba ni sabon sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen da mabuɗi ke murɗawa, da 'yan haƙoran ƙarfen da ke juya idon. Ya buɗe hannuwa ya ce, “Halas, ya sheikh, kamfani ya daina yin ta.” Na ce ya daina? Abu mai kyau haka? Ya ce mutane yanzu ƙaramar kyamara suke so, ta rataya a wuya, mai fim mai launi, kuma masu wanke hoto suna ƙorafin dogon fim ɗinta yana ɓata musu aiki.

Ban yarda ba, na tafi wajen wani tsoho Buhari mai gyaran agogo a bakin kasuwa, wanda ya taɓa buɗe irinta. Shi ya ce mini ba rashin masu saye kaɗai ba ne. Haƙoran nan, in ji shi, ba a zuba su kamar na sauran kyamarori. Kowace ɗaya sai an zauna an goge ta da hannu an daidaita ta da 'yar'uwarta, in an kuskure kaɗan hoton ya fito da zane-zane kamar tabarma. Ya ce labarin da ya ji, masu wannan aikin 'yan tsofaffi ne kaɗan, sun tsufa sun ajiye, samari ba su koya ba, kamfani kuma ya ga koyar da sababbi bai biya shi ba. Goggo Hajara tata fassarar daban. Ta ce ai dama an gano tana ɗauko aljanu ne shi ya sa aka hana.

Buharin ya sa mata mai, ya ce sifirin ya tsage, murɗa kaɗan ta rage mata, in lallaɓa. Na fito shagonsa kamar an yi mini rasuwa.

To ka kai wa Inna. In ta ce wannan ma bai cika ba, ka ce mata kyamara ta mutu. Ta tuna ƙawar tallar gyaɗa, ta tuna goshin ɗan Kawu. Ni da na yi ta hawa da sauka saboda ita, ko sannu. Kada ka karanta mata wannan wurin.

Tijjani

Fagge, Kano
Fabrairu 1964

Yaya,

Barka da shan ruwa, barka da Salla. Ka yi haƙuri da jinkiri, wasiƙarka ta yi wata guda a hanya, ni kuma na yi kwanaki ina juya yadda zan rubuta wannan.

Inna ta ga Goggo Hajara ta yi murna ƙwarai, har ta yi mata waƙar da suke yi suna yara. Muka bi layi har ƙarshe. Ta naɗe ta ce, “Bai cika ba.” Na fito raina a ɓace, na ce wa Zinariya tsufa ya fara taɓa Inna, an kawo mata Makka da Madina ta ce bai cika ba.

Zinariya tana tankaɗe, ta ajiye rariya ta dube ni. Ta ce, “Malam, kai da yayanka duk karatunku a takarda ya tsaya. Wa Inna take da shi a Makka da ya wuce ɗan da ta haifa?” Na ce ai ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba. Ta ce, “To da bakin wa za ta kama? Ka taɓa lura duk ranar da wasiƙarsa ta zo, in ka zauna karantawa sai ta tashi ta fita? Ka san inda take zuwa? Bayan taga take tsayawa da tsintsiya a hannu, ba ta share komai. Tun da aka kawo ni gidan nan nake ganinta.”

Yaya, sai a lokacin na gane. Na ce bari in rubuta maka ka shiga shagonka ka ɗauki kanka da kyamarar fasfo ka aiko, a huta. Zinariya ta ce kada in soma. In aka miƙa wa Inna hotonka kai kaɗai a gaban mutane, kau da kai za ta yi, ta ce a ba yara, kuma ba za ta taɓa tambayar inda aka ajiye shi ba. Ko mutum uku ne a ciki, kowa ya san wanda take kallo. Shi ya sa ta ce gida duka. Tana son taron da za ta ɓuya a cikinsa ta kalle ka, ba wanda ya ce ta kalla.

Ban san yadda za ka yi da kyamarar da ke gargara ba. Amma idon Inna na hagu ya riga ya rufe, na daman ne ya rage. Ka shiga layin nan, Yaya, ko ta halin ƙaƙa.

Mukhtaru

Makka
Zulƙida 1383

Mukhtaru, ƙanena,

Lafiya muke, lafiya, bari in wuce gaisuwa!

Na karanta wasiƙarka a shago, na bar wani mutumin Turkiyya zaune gaban kyamara da fuskar fasfo, na shiga ɗakin wanki na yi kuka kamar yaro. Bayan taga da tsintsiya! Ka gaya wa Zinariya na ba ta girma, ta fi mu ni da kai a haɗe.

Na sake tara dangi karo na uku. Wasu suka fara gunaguni, Goggo Hajara ta ji dalili, ta ce duk wanda bai hau soron nan ba ita da shi. Ko surukai ranar ba su yi mini gardama ba.

Da fari na ba Dawuda, ƙanen Ummulkhairi, ya ɗauka. Na nuna masa yadda zai riƙe ta daga ƙasa, na koma layi na gyara hula. Bawan Allah ya rungume ta kamar tulu, ya tura idon da ƙarfi, na ji ƙarar ƙarfe har cikin haƙorina. Ba sai na wanke ba, na san yatsunsa kawai ya ɗauka. Murɗa ɗaya ta tafi a banza.

Ina duba ta ina salati, sai abin ya faɗo mini. Da tana da lafiya, kafin ka ƙifta ido ta gama waigawa. Yanzu da take rarrafe fa? Na kafa ta a kan sandunanta, na tsuke ƙofar haske don kada jinkirin ya ƙone hoton, na ce wa Ummulkhairi ta tsaya can ƙarshen dama ta bar mini wuri kusa da ita. Na murɗa a hankali, na yi bisimilla, na tura idon da ɗan yatsa. Ya tashi daga hagu yana ƙiƙi-ƙiƙi. Ni kuwa na zagaya ta bayanta na zura da gudu!

Ɗan'uwa, ka ga ƙato da furfura a gemu yana tsere da kyamara! Takalmi ɗaya ya fice, hula ta faɗi, na yi tuntuɓe da tabarma. Jama'a dariya na cinsu ba halin motsi, Goggo Hajara tana cewa ta cikin haƙora, “Yalla, yalla, ɗan Mairama!” Na iso na tsaya, na haɗiye haki, na ga idon yana tahowa, ya wuce Ummulkhairi, ya zo kaina. Yana kan kafaɗata na ji tas! Sifirin ya tsinke.

Ban iya cin abinci ba sai da na wanke fim ɗin. Ina ciki! Ba hula, baki a ɗan buɗe, kafaɗa ɗaya babu, amma fuskar ta fito tar. Shi ne hoton ƙarshe na Mai-waige, Buharin ya ce ko shi ba abin da zai iya. Na goge ta na sa a akwati, ban ji zafin da na zaci zan ji ba.

Na ba wani alhajin Fagge da zai biyo jirgin farko bayan Arfa, don kada gidan waya ya ja mana rai. Wannan karon ban rubuta suna a baya ba.

Yayanka,
Tijjani

Fagge, Kano
Mayu 1964

Yaya Tijjani,

Assalamu alaikum. Alhaji ya sauka lafiya, kafin ya shiga gidansa ya kawo saƙo. Mu duka lafiya.

Da hantsi na shimfiɗa mata tabarma a bakin ƙofa. Zinariya ta kira matan maƙwabta da gangan, aka cika wurin da surutu, kowa na nuna wanda ya ga dama. Inna ta kawo hoton dab da idon dama, ta fara daga hagu. Ta gaida matan Kawu, ta tsokani Goggo Hajara. Tana matsawa ina bin yatsanta da ido. Da ta kai ƙarshe, yatsan ya tsaya a kan Ummulkhairi.

Ta ce, “Wannan doguwar wace ce?” Na ce matar gidan ce. Ta ce, “Bari in dube ta da kyau.”

Yaya, yatsanta yana kan Ummulkhairi, amma ni ina gefenta, na ga inda idon yake. Ta daɗe. Mata suka ci gaba da hirarsu kamar ba su lura ba, Allah ya saka musu. Na ga ta kai gefen mayafi ta goge ido, ta ce hasken nan ya yi mata yawa. Ni na kasa daurewa, na ce, “Inna, ya cika?” Ta ce, “Wa ya tambaye ka?” Zinariya ta harare ni har na ji kunya.

Ba ta miƙo mini shi ba wannan karon. Ta naɗe da kanta ta shiga da shi ɗaki.

Da yamma ina shirin rubuto maka, ta aiko a kira ni. Tana zaune ta juya mini baya tana gyaran fitila. Ta ce in rubuta saƙo, amma ba gare ka ba, don haka ka miƙa wa mai shi. Ga shi yadda ta faɗa:

“A gaida matar nan doguwa. A ce mata na gode. A ce mata mutumin da ke tsaye kusa da ita ya rame, ta riƙa sa masa man shanu a tuwo. Kuma ya daina fita rana ba hula.”

Ƙanenka,
Mukhtaru